Cika Tsakanin Bulon Daɓe da Yashi a Kan Kankare

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan siminti Bahaushe ya san daɓe. Idan aka gina sabon ɗaki, musamman na amarya, mata sukan yi gayya su zuba marmara ko tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta kwanta, daga nan a shafe ta da makuba domin ta ƙara ƙarfi. Ɗalibin Hausa yakan haɗu da wannan aiki a darasin waƙoƙin mata. A yau kuwa an sami sabon salon daɓe a birane irin su Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, wato jera ƙananan bulo na siminti da aka fi sani da intalok a tsakar gida da harabar masallaci da gidajen mai da makarantu.

Sau da yawa akan jera wannan bulo ne a kan tsohon daɓen kankare wanda ya ƙoƙe ko ya yi muni. Aikin yakan yi kyau a ranar da aka gama shi. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a ga bulon ya fara girgiɗi, wani ya nutse, wani ya taso, ciyawa ta tsiro a tsakani. Yawanci laifin yana komawa ne ga mataki na ƙarshe, wanda aka fi rainawa, wato cika tsakanin bulon da yashi da kuma danne shi. Wannan babi zai bayyana aikin da yashin yake yi, da irin wanda ya dace, da matakan zuba shi, da kuma abin da ya sa shimfiɗa a kan kankare take bukatar kulawa ta musamman. Sanin haka yana da amfani ga malami, domin gobe shi ne zai zama shugaban makaranta ko wakili a kwamitin da zai karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, kuma kuɗin da za a biya na al'umma ne.

2.0 Asalin Bulon Daɓe

Shimfiɗa hanya da ƙananan duwatsu tsohuwar dabara ce. Rumawa sun fara gina shahararriyar hanyarsu ta Afiya a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya aka shimfiɗe ta da sassaƙaƙƙun duwatsu, kuma har yanzu ana iya ganin wasu sassanta a ƙasar Italiya. Bulon daɓe na siminti kuwa ya bunƙasa ne a ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gama a shekarar 1945. Mutanen ƙasar sun saba shimfiɗa tituna da jan bulo na yumɓu, to amma sake gina gidajen da yaƙi ya rusa ya cinye jan bulon, sai suka koma yin na kankare. Daga nan Jamusawa suka ƙirƙiro siffofi masu shiga juna, dabarar ta bazu a duniya.

Kaurin bulon da aka fi amfani da shi iri biyu ne. Mai milimita 60 na wurin da ake tafiya da ƙafa ne ko ajiye ƙananan motoci, mai milimita 80 kuma na titi ne da wuraren da manyan motoci suke bi. Ratar da ake bari tsakanin bulo da bulo takan kama daga milimita 2 zuwa 5. Wannan 'yar rata ita ce ake cikawa da yashi.

3.0 Aikin da Yashi Yake Yi

Bulon daɓe ba a liƙe yake da juna ba. Kowane ɗaya zaman kansa yake yi, kuma idan aka bar shi haka, duk nauyin da ya hau shi, shi kaɗai zai ɗauka. Idan aka cika ratar da yashi aka danne, ƙwayoyin yashin sukan cushe su riƙe gefen wannan bulo da na wancan. Ta haka idan tayar mota ta hau bulo ɗaya, sai ya raba nauyin da maƙwabtansa. Misalinsa kamar tsintsiya ne: tsinke ɗaya yaro ma zai karya shi, amma ɗauri guda sai an sha wuya.

Motsin da yashi yake hanawa iri uku ne. Na farko shi ne nutsewa, wato bulo ɗaya ya yi ƙasa ya bar 'yan'uwansa. Na biyu shi ne karkacewa, inda gefe ɗaya zai nutse ɗayan ya taso idan an taka bakinsa. Na uku shi ne zamewa gaba ko baya, wanda yakan faru a inda motoci suke taka birki ko juya kai. Saboda wannan na uku ne ake fifita jeri mai kama da ƙashin kifi a wuraren da mota take bi, domin babu doguwar rata miƙaƙƙiya da bulon zai bi ya zame.

Bugu da ƙari, yashin yana hana bakin bulo gogar bakin ɗan'uwansa har ya ɓantare, yana kuma rage yawan ruwan sama da yake shiga ƙarƙashi. Ratar da aka bari a buɗe kuwa ƙura ce take cika ta, iska ta kawo irin ciyawa, tururuwa ta yi gida. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4.0 Bambancin Shimfiɗa a Kan Kankare

A shimfiɗar da aka saba, akan zuba tsakuwa a danne, a ɗora yashi, a jera bulo. Ruwan da ya ratsa ta tsakanin bulon yakan sauka cikin tsakuwar ya wuce ƙasa. Kankare kuwa ba ya ba ruwa hanya. Duk ruwan da ya shiga yakan tsaya a cikin siririn yashin da yake tsakanin bulo da kankaren, kamar ruwa a cikin faranti. Jiƙaƙƙen yashi ba ya ɗaukar nauyi kamar busasshe. Duk lokacin da mota ta hau, sai ruwan ya tsarto sama ta cikin rata, ya fito da ƙananan ƙwayoyin yashi. A hankali ƙarƙashin bulon ya zama rami, tsakaninsa ya zama wofi. Haka kuma ruwan da ya daɗe a kwance yakan jawo farin tabo mai kama da kanwa a fuskar bulon, sannan kududdufin da ya taru a inda ya nutse ya zama maƙyanƙyasar sauro.

Saboda haka, kafin a kai ga batun cika rata, akwai abubuwa biyar da ya kamata a tabbatar da su:

(a) Gangara. Kankaren ya kasance ya karkata zuwa magudana da kimanin santimita 2 a kowace mita. Ke nan harabar da tsawonta ya kai mita 10, ƙarshenta zai yi ƙasa da farkonta da santimita 20.

(b) Hudojin ruwa. A wuraren da ruwa yake taruwa akan huda kankaren, faɗin hudar kimanin milimita 50, a cika ta da wankakkiyar ƙaramar tsakuwa, a rufe bakinta da wani irin ƙyalle na roba mai tace ruwa, domin ruwa ya wuce yashi ya tsaya.

(c) Lafiyar kankaren. Ƙananan tsagogi akan rufe su da irin wancan ƙyalle don kada yashi ya zurare. Kankaren da ya farfashe yake motsi kuwa, gyara shi ne farko. Idan sabo ne, a tuna cewa sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa.

(d) Kangin gefe. Dole a kewaye shimfiɗar da dakali ko dogayen bulon gefe da aka kafa da siminti. In babu kangi, bulon gefe zai buɗe, ratar ta faɗaɗa, yashin ya zube. A bar 'yan kafofi a ƙasan kangin ta ɓangaren gangara domin ruwa ya fita.

(e) Tsayin ƙofa. Yashin shimfiɗa na milimita 25 da bulo na milimita 60 za su ɗaga harabar da milimita 85. Idan hakan ya wuce dokin ƙofar aji, ruwan sama cikin aji zai shiga.

5.0 Irin Yashin da Ya Dace

Ba kowane yashi ne yake yin wannan aiki ba. Wanda ya dace yana da siffofi huɗu. Na farko, ya zama mai tsafta, babu laka ko ɓurɓushin ganye a cikinsa, domin laka takan riƙe ruwa, ta kumbura da damina, ta tsuke da rani. Na biyu, ya zama mai kaifi, wato idan aka murza shi a tafin hannu a ji yana karta. Rairayi mai laushi da sulɓi, irin wanda iska take tarawa, ƙwayoyinsa ba sa kama juna. Na uku, ya zama gauraye, manya da ƙanana, ta yadda ƙananan za su cike gurbin da yake tsakanin manyan, amma a tankaɗe shi da raga domin a fitar da duk tsakuwar da ta fi ƙarfin ratar. Tsakuwa ɗaya idan ta maƙale a bakin rata, takan tare hanya ta bar ƙasan a wofi. Na huɗu kuma, wanda ya fi muhimmanci, ya zama busasshe ƙayau.

Abin lura a nan shi ne, yashin shimfiɗa, wato na ƙarƙashin bulo, an fi son sa da ɗan danshi domin ya fi kwanciya. Yashin rata kuwa danshi ɓata shi yake yi. Ƙwayoyin yashi mai danshi sukan manne da juna, su kumbura, su tsaya a bakin ratar, sai ido ya ga kamar ta cika alhali ƙasanta babu komai. Wannan ne ya sa lokacin rani ya fi dacewa da aikin. In kuwa tilas ta sa za a yi da damina, sai a shanya yashin a kan tamfol ko busasshen daɓe, a rufe shi da yamma.

Malami yana iya nuna wa ɗalibansa waɗannan siffofi da gwaji biyu masu sauƙi. A gwaji na farko, a zuba yashi rabin gorar roba, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye na awa uku. Yashin zai kwanta a ƙasa, lakar ta hau kansa. Idan lakar ta yi kauri, yashin yana bukatar wanki. A gwaji na biyu, a zuba busasshen yashi a mazurari ɗaya, mai danshi a wani. Na farkon zai zurare kamar ruwa, na biyun ya toshe.

6.0 Matakan Cikawa da Dannewa

Bayan an jera bulo an yanka na gefe an cike kowane lungu, sai a bi waɗannan matakai bi da bi:

Mataki na ɗaya: A share fuskar bulon tsaf. Tsakuwar da aka bari takan karce bulo ko ta fasa shi idan inji ya hau ta.

Mataki na biyu: A bi shimfiɗar da injin dannewa mai girgiza tun kafin a zuba yashin rata, aƙalla sau biyu, a fara daga gefe a nufi tsakiya. Wannan ne yake zaunar da bulon a cikin yashin shimfiɗa, ya daidaita fuskarsa, ya kuma tura ɗan yashi sama zuwa gindin ratar. Da yake kankare ba ya lotsawa, bugun injin yakan dawo wa bulon da ƙarfi, don haka akan ɗaura wa ƙasan injin tabarmar roba. Duk bulon da ya fashe a cire shi yanzu, domin bayan an cika rata cire shi yana da wuya. Kada injin ya kusanci gefen da ba a kange ba tukuna. A bar tazarar da ba ta gaza mita ɗaya ba.

Mataki na uku: A watsa busasshen yashi siriri a kan bulon, a bi da tsintsiya ko buroshi ana sharewa a karkace. Shara a kan miƙaƙƙen layin rata takan kwaso yashin da ya riga ya shiga.

Mataki na huɗu: A sake bi da inji. Girgizar za ta sa yashin ya sauka ya cushe, sai a ga ratar da ta cika ɗazu ta koma rabi.

Mataki na biyar: A ƙara yashi, a share, a danne. Haka za a yi ta maimaitawa, sau biyu ko uku ko fiye, har sai yashin ya daina sauka.

Mataki na shida: A share ragowar. Yashin ya tsaya daidai gindin ɗan karkacen da yake bakin bulo, wato kimanin milimita 3 ƙasa da fuskarsa. Wanda ya haura nan ƙafa da ruwa ne za su kwashe shi.

Idan wurin ƙarami ne ko babu inji, akan ɗora katako a kan bulon a riƙa bugu da gudumar roba. Wannan ita ce kuma hanyar da ta dace da siraran bulo da manyan falale, waɗanda inji yake iya fasawa. Aikin yana da cin lokaci, amma hikimarsa ɗaya ce da ta madaɓi: bugu kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har ƙwayoyi su zauna. Ƙurar yashi da ta yankan bulo tana cutar da huhu idan shaƙarta ta yi yawa, saboda haka ma'aikata su sa takunkumi, kuma a nisantar da yara. A makaranta, lokacin hutu ya fi dacewa.

7.0 Ƙididdige Yawan Yashi

Ana iya sanin yawan yashin da ake bukata da ɗan lissafi. A ɗauki bulo mai tsawon milimita 200 da faɗin 100 da kaurin 60, da rata ta milimita 3. Kowane murabba'in mita zai ci bulo kusan 48. Filin da ratar ta cinye ya ɗan haura kashi 4 cikin 100 na murabba'in mitar. Idan aka ninka wannan da kaurin bulon, za a sami lita 2.6 na yashi. Da yake lita ɗaya ta busasshen yashi tana da nauyin kimanin kilo 1.6, ke nan kowane murabba'in mita yana bukatar kilo 4 da ɗoriya. Harabar da ta kai murabba'in mita 100 za ta ci sama da kilo 400, ban da wanda zai salwanta wajen tankaɗe da shara, da wanda za a ajiye domin ciko. Ɗan kwangilar da ya cika irin wannan haraba da baro ɗaya na yashi, bakin ratar kawai ya rufe.

8.0 Yashi Mai Danƙo da Kuma Siminti

Akwai wani yashi na kamfani da ake sayarwa a buhu, wanda aka gauraya da garin danƙo. Ana zuba shi a bushe, a danne shi kamar sauran yashi, a share fuskar bulon sarai, sannan a yayyafa ruwa a hankali. Ruwan ne yake tayar da danƙon, idan ya bushe sai ya daskare. Amfaninsa shi ne ruwan sama ba ya saurin kwashe shi, ciyawa da tururuwa kuma suna shan wuya kafin su ratsa shi. Sai dai yana da tsada, kuma yana da sharuɗɗa. Bulon ya zama busasshe lokacin zubawa, in ba haka ba danƙon zai bar farin dabbare a fuskarsa. Yana kuma bukatar aƙalla yini guda ba tare da ruwan sama ba. Abu mafi muhimmanci, ba ya daskarewa idan ƙarƙashinsa a jiƙe yake kullum. Wato a kan kankaren da ba shi da gangara ko hudar ruwa, wannan yashi mai tsada zai zama taɓo kawai.

Wasu magina kuma sukan gauraya yashi da siminti su cika rata, da nufin ƙara ƙarfi. Wannan kuskure ne idan bulon a kan yashi yake zaune, domin irin wannan shimfiɗa tana ɗan motsi, siminti kuwa ba ya lanƙwasa. Ba a daɗewa yake tsattsagewa ya ɓare, ya kuma bar tabon da ba ya fita. Siminti yana dacewa da rata ne kawai idan bulon kansa an liƙa shi a jikin kankaren da kwaɓin siminti, wanda wannan wani tsari ne daban.

9.0 Karɓar Aiki da Kula da Shi

Wanda zai karɓi aiki ba ya bukatar kayan awo masu tsada. Ya soka bakin siririyar wuƙa a rata a wurare da dama. Idan ta shige ba tare da turjiya ba, ratar ba ta cika ba. Ya taka bakin bulo da diddige ya ji ko yana motsi. Ya sa a kwarara bokitin ruwa ya ga inda ya nufa. Ya kuma tambaya a nuna masa inda aka yi hudojin ruwa, gara ma ya gan su da idonsa tun kafin a rufe.

Bayan an fara amfani da wurin, yashin yakan ƙara sauka a makonnin farko, musamman bayan ruwan fari. Sai a ƙara ciko daga wanda aka ajiye. Wuraren da suka fi saurin zubar da yashi su ne inda indararo ko bakin kwano yake zubo ruwa, da inda ake wanke mota da tiyo mai ƙarfi. Ya kamata a duba su kafin damina da bayanta. Haka kuma a ja hankalin ɗalibai masu sharar safe da kada su riƙa ƙwaƙule rata da bakin tsintsiya. Idan ciyawa ta tsiro a cire ta tun tana ƙarama, a mayar da yashi a gurbinta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani: kwanon sarki ɗaya na yashi a kan lokaci yana iya hana a tayar da haraba guda.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa yashin da yake tsakanin bulo shi ne yake mayar da ɗaruruwan bulo su zama daɓe ɗaya. An kuma ga cewa kankare yana ba bulo ƙaƙƙarfan mazauni, amma yana tsare ruwa, don haka sai an yi masa gangara da hudoji da kangi kafin yashin ya zauna lafiya. Yashin da ake so shi ne mai tsafta, mai kaifi, tankaɗaɗɗe, busasshe, wanda aka zuba aka danne aka maimaita har ya daina sauka. Malamin da ya san wannan zai iya kare dukiyar makarantarsa, ya kuma sami misali na kusa da zai koyar da awo da lissafi da kalmomin sana'a da shi, a harabar da ɗalibansa suke takawa kullum.

Tambayoyi

1. Kawo motsi iri uku da yashin rata yake hana bulon daɓe yi.
2. Me ya sa shimfiɗa bulo a kan kankare ta fi bukatar kula da hanyar ruwa?
3. Bayyana bambancin da yake tsakanin yashin shimfiɗa da yashin rata ta fuskar danshi.
4. Harabar makaranta tana da tsawon mita 15 da faɗin mita 8. Ƙididdige gangarar da tsawonta yake bukata da kuma nauyin yashin da zai cika ratarta.
5. Kwatanta daɓen gargajiya da daɓen intalok ta fuskar kayan aiki da masu yin aikin, cikin kalmomin da ba su wuce 300 ba.